Zauren Matafiya: Humrar Amarya da Jakar Hannu

Assalamu alaikum. Wasiƙun da suka shigo zauren nan a wannan watan kamar an haɗa baki, kusan dukansu a kan kwalba da murfi suke. Ban yi mamaki ba. Umara ta kankama, ɗalibai na haramar komawa Alƙahira da Indiya, ga amare ana ta kai su ƙetare. Shekara 14 na yi ina raka ayarin masu Umara daga Kano, kuma da an tara mini abin da na ga an wurga a kwandon nan na gefen na'urar bincike a filin jirgi, da tuni na buɗe shagon kayan kwalliya a Sabon Gari. Na tsamo wasiƙu shida. Ta farkon za ta fi cin wuri, don a kanta sauran suka jingina.

Hajiya, ina gaisuwa da fatan alheri. Wata huɗu ke nan da ɗaura mini aure, maigidan yana aiki a Ingila, yanzu biza ta fito. Ban taɓa hawa jirgi ba. Kakata ta Maiduguri ta haɗa mini humra da hannunta, ga man kaɗanya, ga zuma, ga soyayyen man shanu. An ce mini babban akwati kan yi ɓatan kai, shi ya sa nake son riƙe su a jakar hannu, musamman humrar. Wane irin mazubi zan nema?
*Amarya, daga Tarauni, Kano*

Allah ya sanya alheri, 'yata, ya kai ki ɗakinki lafiya. Gara da kika tambaya tun kina gida, domin gaban jami'in bincike ba Kasuwar Rimi ba ce, babu tayi babu albarka.

Ƙa'idar ba ta da tsawo. Duk wani abu mai ruwa-ruwa da zai shiga jakar hannu, sai a mazubin da bai wuce mililita 100 ba. Sannan ki tattara mazuban nan gaba ɗaya a leda guda mai zif, wadda ake hango abin da ke cikinta, mai cin lita ɗaya, tsawonta da faɗinta kamar santimita 20 kowanne. Mutum ɗaya leda ɗaya, kuma sai zif ɗin ya rufu ba tare da an yi kokawa da shi ba. In kin iso wurin bincike, ki ciro ledar ki ɗora a tire. Idan kina son ganin mililita 100 da idonki, ɗauki ledar fiya wata, 500 ce a cikinta, ki raba ta biyar a zuciyarki. Kaso ɗaya shi ne rabonki.

Inda mutanenmu ke shan ƙasa shi ne, girman mazubin ake dubawa, ba yawan abin da ya rage a ciki ba. Ni kaina a nan aka yi mini karatu. Farkon shigowar dokar, wata ƙawata 'yar Shuwa ta ba ni humra a robar ruwa ta rabin lita, abin da ke ciki bai fi kamu yatsa biyu ba a gindin robar. A wani filin jirgi da muka yada zango, jami'ar ta ɗaga robar, ta juya ta, ta ɗora yatsa a kan lambar da ke jiki. Na ce ai ko rubu'i bai kai ba. Ta sake nuna mini lambar, ba ta ƙara ko kalma ba. Ina tsaye aka jefa ta a kwando. Har na zauna a kujerata ina jin ƙamshinta a yatsuna, raina yana suya. Daga baya na daina ganin laifin matar. Mutum ɗari ne a layi a bayana, ba ta da lokacin auna ragowar turaren kowa, lamba kawai za ta karanta.

Abin kuwa yana da asali. A watan Agustan 2006 'yan sandan Birtaniya suka cafke wasu mutane da suka shirya shiga jiragen da ke tashi daga Landan zuwa Amurka da Kanada ɗauke da sinadarin fashewa na ruwa, a ɓoye cikin robobin lemo. A kwanakin farko hatta jakar hannu an hana shiga da ita a filayen jirgin Birtaniya, irin su fasfo da tabarau da magani kawai mutum zai zuba a leda. Zuwa Nuwamban shekarar, ƙasashen Turai suka tsaya a kan mililita 100, hukumar jiragen sama ta duniya da ke Montiriyal ta shawarci sauran ƙasashe su bi sahu, a 2007 abin ya game duniya har da mu. Kar ki biye wa masu cewa sun wuce da gorar zoɓo a jirgin cikin gida. Akan kau da kai a wasu wuraren, amma ke ƙasa za ki bari, kuma duk inda kika yada zango ana iya sake zazzage jakar.

Kalmar "ruwa" ita ma tana ruɗar mu. A wurinsu, duk abin da za a tsiyaya, ko a lakata a shafa, ko a fesa, ko a matso daga bututu, sunansa ruwa. Makilin ruwa ne. Basilin ruwa ne. Zuma, tunkuza, dilka, kwaɓaɓɓen lalle, man kitso, sabulun salo mai laushi, duk sahu ɗaya suke.

To, mu ɗauki kayan kakarki ɗaya bayan ɗaya.

Humra kwalbar gilashi take so. Je ki wurin masu turaren ɗuri, suna da ƙanana masu cin mililita 3, da 6, da 12 wadda suke kira tola, da masu 30 da 50. Ki zaɓi mai murfin murɗawa wadda ke da 'yar toshiya ta roba a baki kafin murfin. Kar ki ɗauki mai fesawa, domin humrar gaske tana da kauri da gari-gari a ƙasa, kwana biyu za ta toshe bakin. Ni da ce ke, biyu masu 50 zan cika maimakon ɗaya mai 100, in tsautsayi ya faɗa wa ɗaya, 'yar'uwarta na nan. Wannan kaɗai zai kai ki watanni. Ragowar ki bar ta a babban akwati, ki naɗe ta a leda biyu, ki cusa ta tsakiyar atamfofi. Can ma akwai iyaka: turare da kayan fesawa, kada mazubi ɗaya ya wuce rabin lita, jimilla kuma kada ta wuce lita 2. Zancen ɓatan akwati kuwa, a abin da na gani, yawanci makara yake yi ya biyo jirgin baya, ba ɓata ba.

Man kaɗanya shi ne mai fuska biyu. Da sanyin hunturu yakan daskare kamar dutse, wani jami'in ya wuce da shi. A zafin Afrilu na Kano kuwa, kafin ki isa filin jirgi ya saki jiki. Kar ki yi caca da shi. Ki nemi ƙaramin mazubi mai faɗin baki da murfin murɗawa, irin ƙaramar robar basilin mai 50, ki wanke ta da ruwan zafi da omo, ta bushe sarai kafin ki ɗura.

Zuma ki haƙura da riƙe ta a hannu. Mililita 100 cokali shida ne da ɗan ɗori, wahalar ta fi ribar, ga shi in ta yi yoyo ba abin da ba za ta manne ba. Ki sa ta a akwati cikin roba mai kauri. Ingila na barin mutum ya shiga da zuma har kilo 2.

Man shanu kuwa, 'yata, ki bar wa Umma ta yi miyar kuka da shi. Wannan ba zancen mazubi ba ne, zancen kwastan ne. Ingila da ƙasashen Tarayyar Turai ba sa barin matafiyi daga ƙasashenmu ya shigar da nama ko abin da aka samu daga madara, ko a hannu ko a akwati. Kilishi da dambun nama ma hukuncinsu ke nan, ki gaya wa dangin ango tun kafin su fara aiko da saƙo.

Wani lissafin da ke yaudarar mutane: lita ɗaya a raba ɗari-ɗari ai kwalba goma ce. A takarda ne. A zahiri biyar ko shida ke shiga zif ya rufu, musamman in masu ƙiba ne zagayayyu. Masu faɗi shafal sun fi kwanciya a leda. Don ki rage cunkoso, duk abin da ke da ɗan'uwa busasshe ki ɗauki busasshen: sabulu na dunƙule, asuwaki, alimun, kwalli, garin lalle, turaren wuta na itace in ba jiƙe yake sharkaf da mai ba. Waɗannan ba ruwansu da ledar.

Hajiya, barka da ƙoƙari. Bara na zuba man habbatussauda a wata 'yar roba sabuwa fil mai murfin ɗagawa, na rufe da kyau. Muna sauka Jidda na tarar ya jiƙa haramina na canji, har ya taɓa bangon fasfo. Algus ne a robar ko kuwa?
*Alhaji, ɗan kasuwa daga Funtuwa*

Ranka ya daɗe, Allah ya karɓi ibada. Ba lallai algus ba ne. Iska ce ta yi maka wannan aika-aika.

Jirgi kan lula sama kamar ƙafa dubu 35, inda ɗan Adam ba zai iya numfashi ba, don haka ake matsa iska a cikinsa. Amma ba a matsa ta ta kai irin ta ƙasa. Cikin jirgi daidai yake da mutum ya hau dutse mai tsawon mita 1,800 zuwa 2,400. Kano ba ta kai mita 500 ba, Jos da muke ce wa tudu kamar 1,200 ce. Iskar da ka kulle a robarka a gida tana da ƙarfin ƙasa, da an hau sama sai ta nemi ta kumbura, tana iya ƙaruwa da kusan rubu'in girmanta. Abin da ke sa kunnenka ya toshe ke nan, shi ke sa ledar biskit ta yi tim kamar balan-balan. Man shi kansa ba ya kumbura don an hau sama. Iskar da ke samansa ce ke neman hanya, in robar a kwance take, man ne a bakin ƙofa, shi za ta fara turowa waje.

Saboda haka robar da aka cika rabi ta fi cikakkiya haɗari. In mai matsuwa ce, ka zuba, ka ɗan matse ta har man ya hau wuya, sannan ka rufe tana a matse. In gilashi ce, ka cika ta zuwa wuya ka bar ɗan wuri kaɗan, saboda mai yakan ɗan tashi in ya sha zafi a bayan mota. Kafin ka murɗa murfi, yanko 'yar leda ka shimfiɗa a bakin, ka murɗa a kanta, ka zagaye da salatif. A cikin jaka kuma ka yi ƙoƙari kwalaben su tsaya a tsaye.

Murfin da ka zaɓa shi ne rabin laifin. A wurina mai murɗawa, wanda ke da ɗan faifai mai laushi a cikinsa, ba shi da na biyu. Mai ɗagawa da babban yatsa, irin naka, matsi kaɗan ke ɓalle shi. Mai famfo ya fi kowa rashin amana, da wani abu ya danne kansa a jaka ya fara aiki ba wanda ya sa shi. In dole sai shi, ka murɗa kan ya kulle, ka ɗaure da salatif.

Akwai wasu robobi masu laushi kamar kan fidar jarirai da ake kira silikon, ana sayar da su jeri-jeri masu launi, an ce na matafiya ne. Suna da kyau ga sabulun ruwa da man wanke gashi, bakinsu da faɗi, wankinsu da sauƙi. Amma ban yarda da su ga mai ko turare ba. Mai yakan yi gumi ta jikinsu, ƙamshi kuma ya kama su har abada. Haka 'yan mazuban nan masu ƙyalli garai-garai, masu tauri kamar gilashi amma roba ne, masu araha: turare mai ƙarfi yana cin jikinsu, faɗuwa ɗaya kuma sun tsage. Ka kifa roba ka duba gindinta, za ka ga lamba a cikin alama mai kusurwa uku. Mai 2 da mai 5 su nake saya wa mai, suna lanƙwasa ba sa fashewa. Mai 6 ka ajiye musu kayansu.

Sai an gwada akan san na ƙwarai. Kwana biyu kafin tafiya, cika robar da ruwa, rufe, naɗe ta a farin tishu, ka matse ta da ƙarfi, sannan ka kifa ta ta kwana. In da safe tishun ya nuna ko ɗigo, ba abokiyar tafiya ba ce.

Kar kuma ka ce to bari in mayar da shi akwati in huta. Ɗakin kaya na ƙasan jirgi matsin iskarsa ɗaya da na fasinja, ga jifa da ake yi da akwatuna. In ta Adis Ababa za ka bi, ka buɗe kowace roba a hankali kana nesa da farar riga, domin garin kansa yana sama da mita 2,300, robar da aka rufe a Funtuwa a kumbure za ta sauka. Fasfo kuwa ka raba masa aljihu da duk wani abu mai murfi.

Anti, ni ɗaliba ce zan tafi karatu Maroko. Kwalaben da na samu a kasuwa, wata an rubuta 10 cl, wata 3.4 fl oz, makilin kuma giram aka rubuta. Wasu ba rubutu ko kaɗan. Wanne zan ɗauka?
*Ɗaliba, daga Damagaram*

Ƙanwata, 10 cl da 3.4 fl oz duk mililita 100 ne, ɗaya awon Faransa da kuka saba da shi, ɗaya na Amurka. Abin da aka rubuta da giram, yawancin jami'ai lambar suke kallo, giram 100 ya wuce, babban bututun makilin mai 140 ya tsaya. Marar rubutu in ƙarama ce ƙwarai ba mai tanka miki, amma in ta yi kusa da iyaka, kin bar hukunci a idon jami'i, kuma ba zai yi kuskure ta ɓangarenki ba. Ki fifita mai lamba a jiki ko a gindi. In kina shakkar wata, sayi sirinji mai cin 20 a kemis, ba allura, ki ɗura ruwa sau biyar. In ta shanye ba ta cika ba, ta yi girma. Sirinjin nan kuma ya fi mazurari daɗin ɗura turare a ƙaramar kwalba.

Kwalbar sirof ta yara mai 60 ko 100 tana da murfi nagari, ina amfani da ita. Sai dai ki ɓare takardar maganin gaba ɗaya, ki manna salatif na takarda ki rubuta abin da kika zuba. Na ga wadda ta wanke fuska da man wanke gashi a ban ɗakin jirgi, wannan abin dariya ne. Yaro ya ga kwalbar maganinsa da man gashi a ciki, wannan ba na dariya ba ne.

Hajiya Babba, mahaifiyata za ta Umara, ta ce ko ana ha-maza-ha-mata sai ta riƙo Zamzam a hannunta saboda jikoki da maƙwabta. Ta tanadi robobi ƙanana guda goma sha biyu. Yaya zan yi da ita?
*Ɗanta, daga Azare*

Ɗana, ka gaishe mini da Inna, ka ce ina bayanta a niyya, ba na bayanta a dabara. Zamzam a wurin na'urar bincike hukuncinsa ɗaya da kowane ruwa, robobi goma sha biyu kuma ba za su shiga leda ɗaya ba. Cusa su a akwati ya fi muni, domin hukumar jiragen sama ta Saudiyya ta hana sa Zamzam a cikin akwatunan awo. Na'ura tana ganinsa ko an naɗe shi a bargo. Sai a ware akwatin, a farke shi, a cire, wani lokacin jirgi ya tashi ya bar kayan a baya. Ba shekarar da ban ga tsohuwa tana kuka a Jidda a kan wannan ba.

Hanyar da aka tanada ita ce robar lita 5 da aka rufe daga ma'aikata, cikin kwalinta, wadda ake sayarwa a filin jirgin Jidda da na Madina, a auna ta daban da akwati. Ka tambayi kamfanin jirginta tun yanzu ko tikitinta ya ba ta wannan damar, don ba duka suke ɗauka ba. Alhazan da suka bi ta hukumar alhazai a aikin Hajji kuwa, nasu lita biyar ɗin a gida ake ba su bayan sun dawo. Robobin Inna su jira ta a Azare, in ta iso ta rarraba da hannunta, lita biyar za ta cika masu ɗari-ɗari har hamsin.

Ɗaya daga ciki dai ta tafi da ita. Roba ko buta in babu komai a ciki tana wucewa, kome girmanta. Ta cika ta da Zamzam daga Harami, ta sha a hanya, in an zo bakin bincike ta fuskanci alƙibla ta shanye ragowar ta yi wa jikokin addu'a, ta wuce da robarta fayau. A ciki ta sake cika ta da ruwan sha, don iskar jirgi busasshiya ce, tana ƙona maƙogwaron tsofaffi. Ka kuma saya mata 'yar kwalbar fesa ruwa mai 50 ko 100, tana taimakawa wajen alwala inda wuri ya yi ƙunci.

Hajiya, zan yi tafiya da goyon wata bakwai da kuma surukata mai ciwon suga, tana allurar insulin. Madarar yaro da maganinta duk sun wuce mililita ɗari. Za a ƙwace?
*Maman Biyu, daga Kumasi*

Kwantar da hankalinki, ƙanwata, waɗannan biyun an yi musu rangwame. Madarar jariri, da ruwan dama ta, da abincinsa, ana barin gwargwadon abin da zai ishe shi tafiyar, matuƙar yaron na tare da ke. Ba sai sun shiga ledar lita ɗaya ba. Ki ware su a wata jaka, ki faɗa da bakinki tun kafin a tambaye ki, ki sa ran za a buɗe ko a gwada su a na'ura. Fida mai haske da ake ganin ciki, mai awo a jiki, ta fi saurin wucewa a kan fulas na ƙarfe. Ni dai abin da nake ba uwaye shawara, su auna garin madara a busasshen mazubi, su nemi ruwan zafi a jirgi.

Maganin surukarki kuwa, a nan shawarata ta juya gaba ɗaya: kada ki sake ki juye shi a wani mazubi. Ya zauna a kwalbarsa da kwalinsa da takardar da ke ɗauke da sunansa, ki haɗa da wasiƙar likita mai sunanta kamar yadda yake a fasfo, wadda ta ambaci insulin da allurai. Insulin a hannu ake riƙe shi, ba a akwati ba, saboda sanyin ɗakin kaya na iya daskarar da shi ya lalace, kuma in akwatin ya makara kin shiga uku. 'Yar jakar sanyaya magani ita ma ki nuna ta tare da wasiƙar.

Tunda zancen magani ya zo, bari in faɗi wanda ba ki tambaya ba. Saudiyya da Masar da Daular Larabawa ba sa wasa da magunguna irin su tiramadol da kodin. Jiƙo ko tsimi a roba marar suna yana jawo tambayoyin da ba ki da amsarsu. Kwalbar da wani ya ba ki a rufe ya ce ki miƙa wa ɗan'uwansa, in ba ki ga abin da ke ciki da idonki ba, ki ba shi haƙuri ko da wanene.

Hajiya, na gani a TikTok an ce an soke dokar nan a Turai. Sannan in na sayi babban turare a shagon cikin filin jirgi na Dubai, zan iya wucewa da shi ta wani filin kafin in iso gida?
*Matashi, daga Zariya*

Ɗana, wanda ya yi bidiyon ya faɗi rabi ya haɗiye rabi. An ƙero sabbin na'urori masu haska jaka ta kowane ɓangare, irin hoton da ake ɗauka a asibiti, suna iya bambance ruwan sha da abin tsoro. Wasu ƙananan filayen jirgi a Ingila suka ɗage dokar a 2023. A watan Yunin 2024 gwamnati ta ce a koma wa mililita 100, Tarayyar Turai ma ta bi a watan Satumba. A 2025 aka sake buɗewa a wasu wurare, filayen Edinbura da Bamingham na Birtaniya suka ba da dama har lita 2, wasu filayen Italiya ma haka. Ka ga abin fili-fili ne, ba ƙasa-ƙasa ba, kuma an taɓa bayarwa an karɓe. Ko ka tashi daga inda aka sassauta, zangonka na gaba da hanyar dawowarka suna iya kasancewa a kan tsohuwar doka. Ka shirya ledarka kamar ba abin da ya canja, in ka tarar da sauƙi ka gode wa Allah.

Turaren shagon cikin fili kuwa, ana shiga jirgi da shi ko ya kai nawa, tunda bayan bincike aka saye shi. Matsalar tana zangon tsakiya. Ka ce wa mai shagon za ka canja jirgi, ya sa maka a ledar nan ta musamman mai jan baki wadda in an buɗe ba ta komawa, da rasit a ciki ana hango shi. Kada ka ɓare ta don ka shinshina, ko ka nuna wa na kusa da kai, sai ka shiga gida. Duk da haka ba kowane fili ke amincewa da ledar kowane fili ba, na ga an karɓe turare mai tsada da ledarsa a rufe. In da hali, ka sayi turaren a zangonka na ƙarshe kafin Najeriya. In kuma daga Abuja ko Legas za ka sake hawa jirgin cikin gida zuwa Kaduna ko Kano, da ka karɓi akwatinka ka buɗe shi a nan, ka cusa kwalbar a tsakiyar kaya kafin a sake aunawa.